Yaren Gindin Rumbu

Dutse,
Talata, 5 ga Agusta.

Hajiya Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji, ya kyautata makwancinsa. Na san takaba ta hana ki fita, na kuma san waya ba ta yi miki amfani tun da kunnen ya yi nauyi, shi ya sa na koma ga takarda. Sale mai motar Ringim ya ce zai riƙa kai miki har ƙofar gida.

An sallamo yayanki Malam Abdulkahar daga asibiti. Ɓarin dama ne ya shanye, hannu da ƙafa. Kullum da safe, ban da Asabar da Lahadi, muna kai shi wajen masu gashin ƙashi. Likita ya ce watannin farkon nan su ne masu muhimmanci, abin da ya kuɓuce a cikinsu da wuya a maido shi. Malam yana ganewa idan aka yi masa magana ido da ido. Ta waya kuwa ko muryar 'yarsa Afra'u bai shaida ba, kau da kai ya yi. Hausa ba ta fita daga bakinsa, ban da "to" da salati.

Amma ba shiru yake yi ba, kuma dalilin wannan takarda ke nan. Yana magana da wasu kalmomi da ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba Fillanci ba. Yaya Larai, matar babban yayanku Alhaji Arzika, ta taya ni zaman asibiti, ta ji da kunnenta, ta koma Buji ta ba da labari. Ba da mugun nufi ta yi ba, tsoro ta ji. Yanzu maganar da ke yawo a dangi ita ce aljanu ne suke magana da bakinsa.

Ni dai na yi shekaru ina gyara labarai a gidan rediyo, na san bambancin surutu da magana. Wannan magana ce. Idan yana son ruwa yakan ce "shulumi", kuma bai taɓa kiran tuwo da wannan kalmar ba. Tuwo "gamfami" ne. Idan ya karɓi abu yana cewa "nam", idan ya ture yana cewa "fis". Abin da ya ɗaure mini kai, shekaranjiya da aka yi ruwa ya kalli taga ya ce "shululo". Farkon kalmar ɗaya ne da na ruwan sha, ƙarshen ya sauya. Mai sambatu ba ya irin wannan tsari.

Sai na tuna ranar sunan Afra'u. Kin miƙa masa kwano, kin faɗi wani abu, ya mayar miki, kuka yi ta dariya ku biyu. Da na tambaya kuka ce wasan yara ne. Na ji haushi a ranar, ban dai nuna ba. In wannan wasan ne ya dawo masa, don Allah ki koya mini. Mijina yana magana a ɗakina, ni kuma ina tsaye kamar baƙuwa.

Ki gaida mutanen gida. Allah ya ƙara miki haƙuri.

Taki,
Mu'minatu.

*

Ringim,
Asabar, 9 ga Agusta.

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode da ta'aziyya. Allah ya ba Yaya Abdulkahar lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Na karanta na yi dariya har matar ɗana ta leƙo, don tun rasuwar Alhaji ba a ji dariya daga ɗakin nan ba. Daga baya na yi kuka, wannan karon ba ta leƙo ba, ta saba. Ki kwantar da hankalinki. In aljanu ne, to su biyu ne, ɗaya tana Ringim tana takaba.

Sunan yaren Rumbanci, don a gindin rumbun kakarmu a Buji muka haife shi, wata shekara da Baba ya tafi cirani. Ni ce mai ƙago kalmomi, Yaya shi ne mai kafa doka. Kin san halinsa da son tsari, tun kafin ya zama malamin gona haka yake. Abin da ya fara ba shi haushi a Hausa shi ne wai wuƙa mace ce, cokali namiji. Ya ce, "Wa ya duba?" Saboda haka a Rumbanci babu mace babu namiji. Kowane suna yana da wutsiya (ku masu ilimi ɗafa-ƙeya kuke cewa, na sani, kada ki gyara mini), wutsiyar kuwa iri uku ce.

Duk abin da ke tafiya da kansa, wutsiyarsa "lo". Mutum, akuya, iska, rana. Abin da sai an ɗauke shi, wutsiyarsa "mi", kamar ƙwarya da tuwo da jariri. Abin da ko an ture shi ba ya gusawa, wutsiyarsa "dan". Rumbu tokodan ne, itacen kuka ma dan ne, haka waɗannan duwatsun da suka zagaye garinku.

Kuma abu ɗaya yana sauya wutsiya gwargwadon halin da yake ciki, shi ne abin da kika ji ranar ruwa. Ruwa "shulu" ne. Na moɗa shulumi, na sama shululo, na rijiya shuludan. Akuya mekelo ce, idan aka yanka ta ta koma mekemi. Mun taɓa yin faɗa a kan kazar da aka ɗaure wa ƙafa za a kai kasuwa. Na ce lo ce tunda tana mutsu-mutsu, ya ce mi ce tunda a hannu take. Har yau ba a yanke hukunci ba, kuma ni ce da gaskiya.

Idan abu ya fi ɗaya, ki sa "zu" a gaba, zumekelo, zutokodan. Idan kina son ki ce abin wani ne, ki faɗi abin, ki bi shi da sunan mai shi. Kada ki nemi kalmar "nawa", ba mu yi ta ba. Lokacin ba mu da wani abu da ba na mu biyu ba. Kalmomin aiki kuwa ba su da yawa, mun yi musu rowa. Kin riga kin kama nam da fis. Ki ƙara "dok", kawo, da "wal", tafi. Sauran da hannu da ido ake yi. Sunansa Kahalo, nawa Kililo. Na rubuta miki duk sunayen da na iya tunawa a bayan takardar nan, kayan gida da na gona da na ci. Babu fanka, babu allura, babu waya. Ba mu san su ba.

Ki gaya wa Yaya Arzika ni na ce wasanmu ne na yara. Ki bi ta kan Yaya Larai, ta san lokacin da ake yi masa magana.

Haushin ranar suna kuma na gani a fuskarki, ba ki iya ɓoyewa ba kamar yadda kike zato. Ga shi yau na biya ki. Ki shafa mini kan Yaya, ki ce Kililo tana gaishe shi.

Ƙanwar mijinki,
Ikilima.

*

Dutse,
Laraba, 20 ga Agusta.

Hajiya Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Allah ya saka miki da alheri. Zan fara da mai daɗi, don akwai marar daɗi a ƙasa.

Ranar da takardarki ta iso na shiga da moɗa na ce, "Shulumi nam?" Ya daɗe yana kallona. Sai ya yi wata irin dariya da rabin baki, ya gyara mini yadda ake jan "shu" ɗin. Wato da kalmata ta farko aka kama ni da kuskure, ni da na ci abinci da kama kuskuren mutane. Da na ce Kililo tana gaishe shi, hawaye ya zubo masa. Yanzu muna hira, gajeriya amma hira. Mai yi masa gashi ta ce in riƙa maimaita duk abin da ya faɗa da Hausa da ƙarfi, don kunnensa ya riƙa haɗa biyun. Likita ma bai yi mamaki ba, ya ce akan samu mai irin wannan ciwo abin da ya koya yana ƙarami ya riga sauran dawowa. Na kuma sami suna, Minalo. Fanka ta zama furlo, da alama don tana juyawa da kanta.

Abu ɗaya ya taɓa ni. Muna ɗaga shi zuwa kan keken guragu ya nuna ƙirjinsa ya ce "Kahami". Na ce a'a, Kahalo. Ya ce fis. Ban yi gardama ba, dokarsa ce, kuma a ranar gaskiya ya faɗa. Na fita tsakar gida na ɗan tsaya kafin na dawo.

Yanzu marar daɗin. Yaya Alhaji Arzika ya zo ranar Lahadi. Yaya Larai ta isar masa da saƙonki tun kafin su taso. Amsarsa ita ce shi ya rene ku, bai san wani yare ba, ke kuma kina cikin jimami, komai aka tambaye ki za ki ce e. Ya ce in yare ne, ya yi a gabansa ya ji.

Na yi murna, na ɗauka an gama. Ya shigo ɗakin yana karatun Alƙur'ani kamar yadda ya saba duk zuwansa. Na durƙusa na ce, "Kahalo, gamfami nam?" Shiru. Na tambayi ruwa, na nuna fanka, na kira sunanki. Mutumin da ya wuni yana yi mini gyara ya rufe baki kamar an ɗinke. Na ce da Hausa, "Malam, don Allah ka yi magana Yaya ya ji." Sai ya sunkuya da ƙyar, ya dangwali ƙasa da yatsan hagu, ya lasa, ya nuna sama. Yaya Larai ta ja da baya tana salati.

Yaya Alhaji bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Kin gani, Hajiya. Duk zuwana haka ne. Da ya ji ayar Allah sai ya yi tsit. Yaren yara ba ya tsoron Alƙur'ani." Na ce, ta bakin Yaya Larai, ai ni ma ina yi masa karatu, limamin unguwa ma yana yi, kuma ba ya yin shiru. Ya ce ba kowane karatu ne suke tsoro ba.

Ya yanke cewa ranar Lahadin nan zai zo da mota ya tafi da shi wajen wani malami a wani ƙauye gaba da Buji, wanda ke ajiye marasa lafiya a gidansa har su warke. Mata ba sa zama a can. Ke nan babu gashi, babu likita, babu kuma wanda zai san me yake nufi idan ya ce shulumi. Na san don ƙauna yake yi, na ga idonsa da ya kalli hannun ƙanensa. Amma ba zan iya tsayawa a bakin ƙofa in hana yayan mijina shiga ba, kin san wannan.

Me ya sa yake shiru a gabansa? Mene ne wannan lasar ƙasa? Ki ba Sale amsa a hannu, na roƙe shi ya jira.

Taki,
Mu'minatu.

*

Ringim,
Alhamis.

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Sale yana zaure yana shan kunu, don haka a gurguje.

Rantsuwa ce. Ba ku yi irinta kuna yara ba, ku 'yan birni? A dangwali ƙasa, a lasa, a nuna sama. Shekarar da Baba ya yi cirani Yaya Arzika ne ke riƙe da gida, yana saurayi, yana jin kansa. Wata rana ya aike mu kai wa masu aiki fura a gona, muka tsaya a hanya muna ta Rumbanci har furar ta tsinke. Ya zo ya same mu, ya tambayi me muke cewa, muka ƙi faɗa, ya zane Yaya Abdulkahar da tsumagiya. A ranar muka koma gindin rumbu muka rantse ba za mu ƙara furta kalma ɗaya ta Rumbanci a inda Yaya Arzika yake ba. Shi ya sa ya ce bai san yaren ba, sau ɗaya ya taɓa ji, ya ɗauka shirme ne. Mun kuma sa masa suna Arzidan. Shi kaɗai ne mutum mai wutsiyar rumbu, don idan ya ce a'a ko shanun huɗa ba sa ja da shi. Ni na manta da rantsuwar sai da na karanta takardarki. Yayana da ya manta sunan cokali bai manta ba.

Mu biyu muka ƙulla, ni kaɗai zan iya ce masa an kwance. Ga shi ba ya gane murya ta waya, ba ya iya karatu, ni kuma ba na fita. In kin faɗa masa da bakinki ba zai karɓa ba, kin san shi da doka.

To ga shawara. Kada ki yi wa Yaya Arzika gardama a kan aljanu, ba za ki ci ba. Ki bi shi ta hanyarsa. Shi da kansa ya sha gaya mana aljani yana ganin mutum ta bayan bango. To ya zo ba tare da sallama ba, ya zauna a bayan taga inda ba a ganinsa, ya yi karatunsa a ransa, duk surar da ya ga dama. In aljani ne, ya san yana wurin, zai yi shiru. In ƙanensa ne, bai sani ba, zai yi ta zuba. Daga nan ya shiga ɗakin ya ga abin da zai faru.

Na san abin da nake nema. Dattijo mai jikoki ya laɓe a bayan tagar matar ƙanensa, abin kunya ne, kuma ba daga bakinki zai fito ba. Ki ba Yaya Larai takardar nan ta karanta masa, ta tsallake wurin wutsiya. Ta ce masa ni na roƙa, ni da ban taɓa roƙonsa komai ba tun da aka kawo ni Ringim, kuma ina cikin takaba. Ba zai so a ce ya ƙi ba.

Ina nan ina addu'a. Allah ya ba da sa'a.

Ikilima.

*

Dutse,
Lahadi da azahar.

Hajiya Ikilima,

Assalamu alaikum. Zan ba ki labari yadda ya faru, ba ƙari, don ni ma ban san ƙarshensa ba.

Sun iso da hantsi, da mota da direba da katifa a baya. Yaya Larai, wadda na aika wa takardarki Buji, ta shigo ita kaɗai ta ce mini ta karanta wa Yaya Alhaji, ya ƙi jiya, ya ƙi da asuba, a hanya kuma wajen Kiyawa ya ce, "A sa mini tabarma, amma kada kowa ya gan ni." Na aiki mai aikina kasuwa. Na shimfiɗa tabarma a lungun da ke tsakanin taga da katanga, inda muke shanya. Na ga wucewarsa ta wutsiyar ido, ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ga carbi a ɗayan. Na yi kamar ban gani ba, shi ma haka.

Na shiga da furar da suka kawo daga Buji. Ban san ko Malam ya ji ƙarar mota ba. Ya kurɓa sau ɗaya ya ɗago kai. Ya gane hannun da ya dama. Ya ce, "Buji?" Wannan ce kalmar Hausa ta farko da na ji daga gare shi ban da "to", in sunan gari yana cikin lissafi. Na ce e. Sai ya ɓalle. Ya tambayi shululo, na maimaita da ƙarfi, "Kana tambaya ko ana samun ruwa a Buji." Ya ce zutokodan, rumbuna ke nan, ya nuna da hannu ko za su cika bana. Ya tambayi zumekelo Larailo, awakin Yaya Larai. Duk ina fassarawa.

Can ya tsaya ya ce, "Arzidan?" Na ce yana nan lafiya, ya zo gari. Ya ture kofin da sauri ya ce, "Gamfami dok Arzidan. Shulumi dok." Na ce, "Kana cewa a kai wa Yaya abinci da ruwa." Ya ce to. Ya ƙara cewa wal, wal, yana kora ni da hannu, wai in bar shi in je in kula da baƙo. Na ce zan je, ka gama tukuna. Ya ce fis. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Arzidan nam." Wannan ban fassara ba, ban iya ba.

Sai ga sallama a bakin ƙofa. Malam yana tsakiyar wata kalma, ya haɗiye ta. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai kamar yaro. Yaya Alhaji bai yi karatu ba wannan karon. Ya tsaya a kansa, takalmin har yanzu a hannu, ya ce, "Abdulkahar, ni ne?" Malam bai ɗago ba. Ya sake cewa, "Ashe ni ne." Ya juya ya fita.

Bai ci abincin ba. Ya tafi masallaci tun kafin a kira salla, har yanzu bai dawo ba. Motar tana ƙofar gida, direban yana barci a ciki, katifar tana nan. Yaya Larai ta ce in haɗa kayan Malam ko da za a ce a tafi, na haɗa. Sale zai wuce da la'asar, zan ba shi wannan. Ki ci gaba da addu'a.

Taki,
Mu'minatu.

*

Dutse,
Lahadi.

Ikilima,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri. Allah ya jiƙan mijinki.

Na sallami motar. Abdulkahar zai zauna a gidansa a ci gaba da gashi. Hajiya tana ƙoƙari, Allah ya yi mata albarka.

An karanta mini takardarki. Maganar tsumagiya ban tuna ba, in kuma na yi, wani abu ya yi. Na ji sunan da kuka sa mini. Ban tambayi ma'anarsa ba, kada ki faɗa mini.

Na tambayi liman a nan, ya ce rantsuwar yaro ba ta hawa kansa. Amma Abdulkahar bai san haka ba, kuma ba zai karɓa daga bakina ba. Tunda ba ki fita, direban zai dawo ranar Asabar, ranar da ba a gashi, mu kawo miki shi Ringim mu koma da yamma. A gyara masa wuri a ɗakinki, ba ya iya zama a ƙasa. Ki kalle shi ido da ido ki ce kin kwance.

Zan zauna a wurin. Ko ban gane abin da yake cewa ba, Hajiya za ta fassara. Ina so ƙanena ya yi mini magana.

Wassalam.

Yayanki,
Alhaji Arzika.